Gyaran Da Na Yi Wa Waken Rukayya

Ba zan taɓa mantawa da damunar da na zama ma'aikacin bincike ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu ba za su bari ba. Har yau in na wuce ta majalisar bakin masallaci sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Baba, a ƙara gyara!" A fashe da dariya, ni kuma in yi kamar kunnen nan nawa na hagu ne ya sake toshewa.

Bari in fara gaya maka ko ni wane ne, don ka san daga inda na faɗo. Ni ma'auni ne. Tun ina saurayi nake awon hatsi a kasuwar Batsari, har gemuna ya yi fari ina tsugune gaban tiya. Karatuna bai wuce firamare ba (ita ma ban ce na gama da daraja ba, na dai gama), amma in ana maganar awo ban yarda akwai wanda zai koya mini ba. Abu biyu aka san ni da su. Tiyata ba ta tashi sai ta yi tozo. Kuma in na gama awo sai na cika tafin hannu na watsa wa mai saye a buhunsa. Gyara ke nan. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sha gaya mini cewa ma'aunin da ya sallami mutum ba gyara ya zubar da mutuncin gidansu. Matan Ruma da na Karare sukan tsallake ma'auna da yawa su zo layina saboda wannan hannu nawa. Hannun nan ya ciyar da ni, ya aurar da 'ya'yana. Shi ne kuma ya kunyata ni.

Wata rana ana gab da shuka sai ga Rukayya ta zo gaishe ni. 'Yar aminina ce marigayi, mutumin Safana, a gabana aka raɗa mata suna. Ta girma ta shiga jami'a, har tana neman digiri na biyu a fannin noma. Bayan mun gama gaisawa, na tambayi mahaifiyarta da ƙannenta da mutanen Safana ɗaya bayan ɗaya, sai ta faɗi abin da ya kawo ta. Tana son ta gwada garin 'ya'yan bedi, wato dogon yaro, a kan tsutsar da ke huda wake. Kowa ya san ɗacin bedi yana korar ƙwari, amma ita so take ta gano nawa ya kamata a zuba a ruwa, don kada manomi ya zuba kaɗan ya yi aikin banza, kada kuma ya zuba da yawa ya yi ɓarna. Wannan gwaji shi ne jarrabawarta. In wake ya ba ta amsa a damunar nan ta gama karatu, in bai ba ta ba sai wata shekara.

"Baba, gonarka ta hanyar Safana nake roƙo," in ji ta. "Kuma ka san yadda hanya take yanzu, ba kullum zan iya zuwa daga Katsina ba. Ina neman wanda zai riƙa haɗa maganin yana fesawa. Umma ta ce duk ƙasar nan babu mai gaskiyar awo kamarka."

Wallahi sai da na ji hulata ta matse ni.

Aka yi shuka. Ta raba gonar fala-fala kamar tabarmi, kowane fili da turkensa mai fenti, ja da rawaya da shuɗi da fari, an warwatsa su nan da can. Da wake ya kusa fure ta zo da buhun garin bedi, da injin feshi irin na goyo, da wani ɗan gwangwanin madara da ta riga ta gwada a sikelinta. Ta tsuguna ta nuna mini. Bokitin jan turke gwangwani uku, na rawaya biyu, na shuɗi ɗaya. A cika gwangwani a shafe bakinsa da kara ya zama daidai. A jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a fesa. Farin turke kuwa ruwa zalla za a fesa masa, ko ƙwayar gari kada ta taɓa shi.

Ta kuma yi dogon bayani a kan dalili. Na san ta yi, don na ga bakinta yana motsi. Ni a lokacin hankalina yana majalisa, ina tsara yadda zan ce wa taubashina Sale, "Ka ga, yanzu da jami'a muke aiki." Sale ɗan ƙanwar mahaifina ne, tun muna yara aikinsa ke nan neman abin da zai tsokane ni da shi, ga shi Allah ya ba ni abin rufe masa baki. Sai kawai na ji ta ce, "Baba, ka gane ko?"

Na ce, "'Yar nan, ma'auni kike koya wa awo? Tun ba a haife ki ba nake wannan aiki. Je ki ki kwanta da hankalinki."

Ta tafi ta kwanta da hankalinta, baiwar Allah.

Ranar haɗi na farko na cika gwangwani na ɗauki kara zan shafe, sai hannuna ya ƙi. Ban taɓa shafe awo ba a rayuwata. A kasuwa mai shafe baki sunansa marowaci, yara ma nuna shi suke yi. Na duba hagu na duba dama, kamar wani zai gan ni ina wannan abin kunya. Na ce a raina, yarinya ce, ba ta san kasuwa ba, tsoro take kada garin ya ƙare. Na jefar da karan. Na cika gwangwani ya yi tozo mai kyau, na zuba. Da na gama kuma, kafin in yi tunani, hannun hagu ya riga ya shiga buhu ya fito ya watsa gyara a bokiti. Shi wannan hannu ba ya shawara da ni.

Gyaran ma ba iri ɗaya ba ne. Ranar da na tashi da nishaɗi, tafi biyu. Filayen da ke bakin hanya, inda masu babur ke wucewa suna kallo, su ma nakan ɗan fifita su, don kada a ce gonar jami'a ta lalace a hannuna. Shuɗin turke kuwa tausayi yake ba ni. Gwangwani ɗaya a bokiti guda? Ruwan ko launi bai canja ba, kamar kokon gidan da ba a son baƙo. Na ɗan taimaka masa.

Sai maganar farin turke. A feshin farko na bi umarni, na ba shi ruwa zalla. Da na koma bayan 'yan kwanaki na tarar ƙwari sun fara taruwa a furensa, maƙwabtansa kuwa suna ta sheƙi. Na tsaya a kansa zuciyata ta karye. Duk wake ɗaya ne, rana ɗaya aka shuka su, a gona ɗaya, amma a ce an ware wasu an bar su kamar marayu? Ni da nake kallo zan amsa tambaya ranar gobe. Na yanke shawara cewa Rukayya kuskure ta yi, ko kuma kuɗin gari ne ya gaza mata take jin nauyin faɗa. Daga ranar farin turke ya shiga sahun masu cin arziki. Har nakan ƙara masa, don ya rama abin da ya wuce shi.

Ba a je ko'ina ba buhun da aka ce zai kai kaka ya ƙare. Ban gaya mata ba. Muna da bedi a ƙofar gida, na sa mai ɗakina Delu ta tara 'ya'yan ta daka mini. Tana daka tana tari saboda ɗaci, ta ce, "Malam, ka dai gaya wa yarinyar nan garinta ya ƙare?"

Na ce, "Ni ba na gorin alheri."

"To ai ita ta auno abinta. In ya ƙare tun yanzu, ba ka ganin wani wuri aka yi ba daidai ba?"

"Delu, daka aka ce ki yi. Harkar jami'a ce, ba ki san ta ba."

Ta ce, "Allah ya ba Farfesa haƙuri." (Ni take nufi. Daga baya na gane addu'ar ta sami ainihin mai ita.)

Rukayya takan zo in hanya ta yi sauƙi, ba ranar feshi ba, ranar ƙirga. Takan shiga fili fili tana buɗe fure tana ƙirga tsutsa, rana na dukanta. Na lura duk zuwan da za ta yi fuskarta na ƙara tsukewa. Wata rana ta zauna a gindin marke ta dafe kai.

"Baba, ban gane ba. Wanda ba a sa wa komai ba ya yi kyau kamar waɗanda aka sa wa, wani wurin ma ya fi su. Jan turke kuma ga ganyensa yana ƙonewa."

Na ce, "Alhamdu lillahi, ai albarka ce."

"Ba albarka ba ce, Baba. In wanda ya sha ruwa zalla ya yi daidai da wanda ya sha magani, ma'anarsa maganin ba ya aikin komai. Abin da zan rubuta ke nan, cewa bedi ba shi da amfani, in an cika shi ma ƙona wake yake. Kuma zuciyata ba ta yarda ba." Ta ɗago ta dube ni. "Kana dai bin awon nan yadda na nuna?"

Na ce, "Har da ƙari."

Ta yi murmushin gajiya, ta ɗauka irin maganar nan ce ta dattawa, wato ina yi da ƙwazo. Ni kuma na ɗauka godiya take yi. Muka rabu kowa da fahimtarsa.

To, ranar da abin ya fashe ita ce ranar da malaminta ya zo duba gonar. Farfesa guda, da farin kaftani mai guga da tabarau, ya zo da wasu ɗalibai da malamin gona na yankinmu. Rukayya ta gayyaci manoma su zo su gani. Ni kuma na gayyaci kowa. Na aika wa Sale saƙo musamman na ce ya zo da wuri ya sami wurin gaba. Na sa babbar rigata ta Juma'a, Delu ta kawo fura a ƙwarya ta tsaya can gefe da mata.

Farfesa ya zaga gonar yana girgiza kai. Ya tsaya a farin turke ya tsinki ganye ya shinshina. Sannan ya juyo da fara'a ya ce, "Baba, an ce kai ne mai haɗin. Ko za ka nuna wa jama'a yadda kake yi, su ma su koya?"

Abin da nake jira ke nan tun farkon damuna. Na naɗe hannun riga, na tsuguna gaban bokitai kamar ranar kasuwa, har da gyaran murya.

"Jama'a, ku matso. Wannan na jan turke ne, gwangwani uku." Na nutsa gwangwani a buhu na ɗago shi da tozo kamar na raƙumi. Na ji Rukayya ta ja numfashi a bayana, na ce a raina yarinya ta ga gwaninta. Na zuba uku. Hannun hagu ya yi aikinsa, na ce, "Ga kuma gyara." Manoma suka gyaɗa kai, don su a wurinsu daidai ne.

Farfesa ya ce a hankali, "Kullum haka kake yi, Baba?"

"Kullum, ranka ya daɗe! Ban taɓa fashi ba. Ranar da na ji daɗi ma tafi biyu nake sawa."

"Madalla. To farin turke fa?"

Na yi dariya na rage murya, irin ta mai rufa wa yaro asiri, amma yadda kowa zai ji. "Ranka ya daɗe, a nan 'yar taka ta ɗan yi mantuwa, ka san yaro. Ta ce a ba shi ruwa zalla. Ni kuwa na ga bai kamata a yi wariya ba. Daga aljihuna na riƙa ciyar da shi, ban taɓa gaya mata ba sai yau da ka tambaya. Ga shi nan kana gani, ya fi kowa ƙiba."

Na tsaya ina jiran tafi. Ba wanda ya tafa. Ɗaliban nan suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Na waiga na ga Rukayya ta zauna daɓas a kan kunyar wake, ta rufe fuska da mayafi. Na ɗauka kukan farin ciki take, na ce, "Haba 'yar nan, ai ba komai, mahaifinki ya yi mini abin da ya fi haka."

Maimakon in tsaya nan, sai na ce bari in ƙarasa da nuna feshi. Akwai haɗin da na jiƙa tun jiya, na musamman saboda baƙi, ya yi kauri kamar kunun kanwa. Na juye a inji ko tacewar kirki ban yi ba saboda ɗoki, na goya, na fara bugawa. Bakin injin ya toshe. Na ƙara bugawa. Shiru. Farfesa ya matso yana cewa, "Baba, dakata, kada ka ƙara." Ni kuwa na juyo da bakin ina leƙawa, hannuna bai daina bugu ba. Sai ji kake fash! Tiyo ya kwance. Rabin haɗin ya wanke mini fuska da gemu ya shige baki, rabi ya sauka a kan farin kaftanin Farfesa tun daga wuya har gwiwa.

In ba ka taɓa ɗanɗana bedin da ya kwana a ruwa ba, kada ka nema. Ina tofarwa ina tari, idona na ruwa, wari ya cika wurin. A cikin wannan hali na ji muryar Sale daga sahun gaba, inda ni da kaina na ajiye shi.

"Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, kai ma gyaranka ne ya ba ka!"

Gona ta kece da dariya. Har matan da ke gefe. Har Delu, matar da na aura da sadakina.

Farfesa mutumin kirki ne, Allah ya saka masa. Ya cire tabarau ya goge da gefen rigar da ya tsira, ya zaunar da ni a inuwa, ya sa aka ba ni ruwa na kurkure baki. Sannan ya ce, "Baba, kana shan shayi?" Na ce ina sha. Ya ce, "A ce kana son ka san cokali nawa na sukari ya fi dacewa da kofi. Ka jera kofuna, wannan cokali ɗaya, wannan biyu, wannan uku, ɗaya kuma ba sukari sam, don ka san ɗanɗanon shayin shi kaɗai. Ka juya baya, wani mai son ka ya bi ya ƙara wa kowane kofi yadda ransa ya ba shi. Da ka ɗanɗana, me za ka gano?"

Na ce, "Duk za su yi zaƙi."

"Wanne ya fi dacewa?"

Na ce, "Ba yadda za a yi in sani."

"To ka gani. Ba wake muka zo nema a gonar nan ba, amsa muka zo nema. Ƙarfin haɗin shi ne tambayar, in ya canja ba mu sani ba, duk tsutsar da yarinyar nan ta ƙirga a rana ta ƙirga ta a banza. Farin turken nan da ka ji tausayi, shi ne mafi daraja a gonar. Lalacewarsa ce za ta nuna maganin yana aiki."

Sai a lokacin maganar ta shiga. Ɗacin da ke bakina ya zama wasa a kan wanda ya sauko mini a ƙirji. Na dubi Rukayya, marainiyar aminina, wadda ta riƙa biyo hanyar da maza ke tsoro don ta ƙirga tsutsa. Ashe marainiyar gaske na cuta don in ji tausayin turke. Na ce, "Yanzu shekarar ta tafi ke nan?" Farfesa ya ce ta tafi.

Na rarrafa na je gabanta, da babbar riga jiƙe da gemu kore. Na ce, "Rukayya, ki yafe mini. Kin yi bayani, ni ne ban saurara ba." Ta buɗe fuska, idonta ja, ta dube ni. Ban san me ta gani ba, amma sai dariya ta ƙwace mata a tsakiyar kuka. Ta ce, "Baba, je ka wanke gemunka tukuna, ba zan iya yafe maka a haka ba."

Da damuna ta zagayo na je Safana da kaina na roƙi mahaifiyarta a sake ba ni dama. Rukayya ta yarda bisa sharaɗi ɗaya, Delu ce za ta riƙa tsayawa a kaina ranar haɗi. Ka ji inda girma ya kai ni. Ina cika gwangwani, Delu na miƙo kara tana cewa, "Shafe, Farfesa." Hannun hagu kuwa sai da muka yi masa dabara. Nakan cika aljihu da gyaɗa, duk bokitin da na gama sai in damƙo in miƙa wa duk wanda ke kusa, don hannun ya sami inda zai sauke. Sale ya gano haka, bai sake fashin zuwa gona ranar haɗi ba.

Farin turke ya sha wuya a shekarar. Tsutsa ta yi masa kaca-kaca, in zan wuce sai in kau da kai. Rukayya kuwa da ta gan shi ta yi ta murna tana ɗaukarsa hoto ta kowane gefe, kamar ango. Gwajin ya ba ta amsarta, ta gama karatunta, shekara guda a makare saboda ni.

Ranar da aka gama sussuka, bayan ta auna na kowane fili a sikeli ta gama aikinta, sai ta ce in auna mata tiya biyu ta kai wa Ummanta. Na ɗauki tiya na cika, na sa kara na shafe ta tas, na juye. Na sake cikawa na shafe. Na ɗaure bakin buhu, na tura hannun hagu can cikin aljihu na riƙe shi.

Ta dubi buhun, ta dube ni. Ta ce, "Baba, wannan wace irin rowa ce? Ina gyarana?"

Abin da na koya da tsufana ke nan. Alheri ma yana da wurin zuba shi, kuma in mai ilimi yana bayani, a bar tunanin Sale a saurara. Har yanzu ina ba da gyara a kasuwa, tafi cike. Sai dai kafin hannun ya tashi nakan tambayi mai saye, "Ci za a yi, ko bincike?"